Ban da Baki, Ban da Yatsu

Mai Ƙaho ya rasu ranar Talata da hantsi, kuma kafin ya cika sati biyu a ƙasa 'ya'yansa maza biyu sun dambace sau uku. Matan layin sun ce sau huɗu ne, amma na huɗun ba wanda ya gani da idonsa, ƙarar bokiti kawai aka ji ta kan katanga, da muryar wani yana cewa a sakar masa kunne.

Ba a kan gida suke yi ba, gidan na haya ne. A kan ƙaho ne. Ƙahon tagulla mai maɓallai uku, wanda marigayin ya yi shekara arba'in da wani abu yana busawa, har inda tafin hannunsa yake kamawa ya koɗe ya koma kamar bayan tsohon cokali. Kiɗan da ya ƙare rayuwarsa a kai shi ne jaz. Ga wanda bai san shi ba, jaz kiɗa ne da ake faro shi da waƙar da kowa ya sani, sai a sakar wa makaɗa fili ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ƙago nasa a nan take, ya yi yawonsa, daga ƙarshe a dawo kan waƙar kamar ba a je ko'ina ba. Maƙwabta dai abin da suka sani shi ne ba a barcin rana a layin.

Babban ɗan, Leɓe ake ce masa, saboda kantar da bakin ƙaho ya yi masa a leɓen sama, zagayayya kamar maɓallin riga. Shekararsa arba'in da ɗaya. Asabar da Lahadi da yamma yana busa a zauren wani otal, cikin baƙar kwat da ta fi shi faɗin kafaɗa, masu cin abinci na ta ƙarar cokula ba mai ko ɗaga kai. Ƙahon da yake aiki da shi na gwanjo ne, maɓallin tsakiya ba ya tashi sai an ɗiga masa mai an roƙe shi. Tun yana ɗan shekara tara idonsa yake kan na ubansa, kuma sau biyu kacal aka taɓa barinsa ya sa shi a baki.

Ƙanen kuwa Ɗan Wuta ake ce masa. Yana gyaran rediyo da lasifika a wani shago a bakin titi, in ya tashi aiki ya rataya jitar lantarki shi da abokansa su yi ta tsaga wa jama'a kunne. Shi ma uban ya koya masa busa tun yana ƙarami, har ana raɗe-raɗin ya fi yayan nasa iska a ƙirji, amma da ya kai sha bakwai ya ajiye. Abin da suke kaɗawa yanzu suna kiransa jaz gauraye, masu son a ce sun yi boko su ce fiyushan: a ɗauko jaz, a zuba masa rok, kiɗan nan na Turawa mai kururuwar jita, a jona masa wuta, a sa ganguna masu nauyi, a juya. Sunan da Leɓe ya sa wa abin kuwa ba ya rubutuwa a takarda.

Magana ɗaya ce ta haɗa wutar. Kwana biyu kafin ya cika, marigayin ya kira ƙanwarsa, wadda yaran ke kira Gwaggo, ya miƙa mata akwatin ƙahon ya ce, "Ki ba wanda bai bar jaz ba." Daga nan ya nemi ruwa ya sha, bai ƙara komai ba. Gwaggo tela ce, ba ta iya bambance jaz da kukan injin niƙa ba. Ta kai akwatin gidanta, ta cusa shi ƙarƙashin barguna a cikin kabad, ta kulle, ta ɗaure makullin da zare ta rataya a wuya.

A wajen Leɓe maganar ba ta buƙatar alƙali. Ya goge takalminsa ya tafi karɓo kayansa, sai ya tarar da ƙanensa zaune kan buhun ƙyallaye a ɗakin ɗinkin yana kurɓar shayi.

"Gwaggo, na zo karɓar saƙon Baba."

"Ga wani ma ya riga ka zuwa karɓa," in ji ta, ko ƙafa ba ta ɗaga daga keken ba.

Leɓe ya dubi ƙanen nasa tun daga gashi har silifa. "Kai? Da wane bakin?"

"Da wanda nake shan shayi, Yaya."

"Baba ya ce wanda bai bar jaz ba. Kai tun kafin gemu ya fito maka ka bar shi."

"Ban bar shi ba. Na ga ya daɗe a ɗaki ne, na fita da shi shan iska."

"Jaz yana da tafiyarsa," in ji Leɓe, yana kaɗa yatsa a iska. "Rangwaɗa yake yi, ƙafa ɗaya ta ɗan makara, ɗayar ta jira ta. Naku kuwa mai gangarku kamar an sa shi fasa dutse, dam, dam, dam. In aka ɗauke wuta yanzu, kiɗanku ya mutu."

"Ita lasifikar da kake busawa a gabanta a otal, da gawayi take aiki?"

Gwaggo ta yi tari, ta sunkuyar da kai kan allura.

"Tsaya in tambaye ka, Yaya," in ji Ɗan Wuta, ya ajiye kofin. "Muna faro waƙa? Muna farowa. Muna sakar wa kowa fili ya ƙago nasa? Muna saki. Muna dawowa gida a ƙarshe? Muna dawowa. To me ya rage mana? Kwat ɗin?"

"Kunya ce ta rage muku."

"A otal ake raba ta? Da farantin nawa ake bayarwa?"

A nan Leɓe ya cire agogo.

Sai an san wata doka ta gidan kafin a gane yadda waɗannan mutane ke faɗa. Tun suna yara, da uban ya ga ba mai hana su dukan juna, sai ya ce su yi, amma ban da baki, ban da yatsu. Mai busa da bakinsa yake ci, mai kaɗa tsirkiya da yatsunsa, duk wanda ya taɓa ɗaya daga cikin biyun nan ya fita daga gidansa. Suka girma a kan haka. Su fasa wa juna haƙarƙari, su daki juna a baya, a ƙwauri, a ƙeya, amma fuska daga hanci zuwa haɓa ba mai kusantarta, hannu kuma in ya faɗo ƙasa sai a tsallake shi kamar jariri. Leɓe har ya saba in zai yi faɗa sai ya tura leɓunansa ciki kamar tsohuwar da ba haƙori. Shi kuma Ɗan Wuta ba ya naushi, da gwiwar hannu yake aiki da kai.

Haka suka yi a ɗakin Gwaggo. Leɓe ya zuba masa biyu a ciki, Ɗan Wuta ya tunkuye shi a ƙirji har ya faɗa kan mutum-mutumin gwada riga, suka yi ƙasa su uku. Kwalin allurai ya watse. Gwaggo ta ɗauko sandar awo ta bi su tana zabga wa duk bayan da ya fi kusa, har sandar ta rabu biyu a kafaɗar babban.

"Ku tashi min daga kan atamfar mutane," ta ce tana haki. "Ni ban san jaz ba, ban san uban jaz ba. Amma na san wanda ya sani."

Wanda take nufi shi ne Baba Mai Ganga, tsohon da ya yi shekara talatin yana kaɗa wa marigayin. Kunnensa na dama ya daɗe da rufewa, na hagun kuma sai ya ga dama. Da aka kai masa maganar ya tauna bakinsa, sannan ya ce shi ba ya yanke hukunci da surutu. Ranar Asabar da hantsi su zo ɗakin ubansu da kayan kiɗansu a yi huɗu-huɗu. Huɗu-huɗu kuwa tsohuwar al'adar masu jaz ce: wannan ya kaɗa gaɓa huɗu ya yi shiru, wancan ya amsa masa da huɗu, a yi ta yi kamar masu cacar baki. "A nan ake gane ɗan gida," in ji tsohon.

Ranar Juma'a da yamma Leɓe na kwance rub da ciki matarsa na shafa masa man zafi inda sandar ta kwanta. Ita mace ce da ba ta iya riƙe abu a ciki fiye da kwana uku ba, wannan kuwa ta riƙe shi shekara guda, har ya fara sa ta ciwon kai.

"Maigida, wai duk ranar Alhamis ɗin nan da Baba yake cewa asibiti za shi, wane asibiti ne?"

"Na ƙafarsa mana."

"To. Ni dai ban taɓa ganin mai zuwa asibitin ƙafa da akwatin ƙaho ba."

"Me kike son ki ce?"

"Ni? Ba komai. Juya in shafa ɗaya gefen."

Bai juya ba. Ya tashi ya ɗauki ƙahonsa na gwanjo ya shiga goge shi, yana ɗiga wa maɓallin tsakiya mai har ya yi yawa.

Ɗakin kiɗan marigayin yana can ƙarshen tsakar gida. An manne bangonsa da kwalayen ƙwai don kada ƙara ta fita, ko da yake maƙwabta za su iya rantsuwa kwalayen ba su taɓa tare komai ba. Taga ɗaya, fanka mai fiffike biyu, tsofaffin ganguna a lungu, da kujerar marigayin da har yanzu tana riƙe da shatin zamansa. Gwaggo ta zauna a bakin ƙofa da makulli a wuya da sabuwar sandar awo a cinya. Matan layin kuwa duk a ranar suka tuna suna da shanya a jikin katangar.

Leɓe ya zo da kwat ɗinsa da takalmi mai tsinin dunduniya. Ɗan Wuta ya shigo yana jan amfilifaya, akwatin ƙara sautin jita, da wayoyi kamar mai sayar da hanji.

"Ka ga," in ji Leɓe, "mutum ɗaya, kaya kamar za a buɗe shago."

"Ina kwana, Yaya. Yaya bayan?"

Baba Mai Ganga ya zauna, ya juyo da kunnen hagu, ya ce waƙar ubansu za a yi, wadda yake buɗe kowane wasa da ita. Ya ƙirga da sanduna, suka shiga.

Gaskiya dai sai a faɗe ta, Leɓe ya iya busa. Huɗunsa na farko sun fito sumul, kowane sauti a mazauninsa, daidai yadda uban yake yi, har da ɗan numfashin da tsohon ke ja kafin ya hau sama. Gwaggo ta share ido da gefen mayafi. Ɗan Wuta ya amsa a hankali, jitar na magana ƙasa-ƙasa kamar mai gaida surukai. Leɓe ya sake huɗu. Ɗan Wuta ya ɗauki wutsiyar abin da yayan ya faɗa, ya juya ta, ya maido masa da ita a kife. Leɓe bai tanka ba, ya ci gaba da na uban daga inda ya tsaya. A zagaye na biyar ƙanen ya taka wani ƙarfe a ƙasa, jitar ta yi kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, kwalayen ƙwai biyu suka faɗo. Abin da ya ba Leɓe haushi shi ne tsohon mai gangar, maimakon ya tsaya, sai ya bi yaron, ya danna ƙafa yana dam, dam, yana murmushi da dasashi.

Sai a zagaye na bakwai Ɗan Wuta ya kaɗa wani ɗan salo, sauti shida masu gangarowa su tsaya a inda ba a zata ba. Leɓe ya sauke ƙaho daga bakinsa. Ya san salon nan. Bai taɓa jin sa a bakin kowa ba sai uban, kuma a shekarar ƙarshe kawai, ta bayan ƙofa, lokacin da tsohon ke zaton ba kowa a gida.

"Ina ka samo wannan?"

"Inda shi ma ya samo. Nawa ne, Yaya. Ni na koya masa."

"Ƙarya kake."

Ɗan Wuta ya dubi Gwaggo, ya dubi tsohon, sannan ya zaro wani kaset daga aljihu ya sa a rediyon marigayin. Da farko ganguna ne masu nauyi, irin na fasa dutsen, da jita tana kururuwa. Sai ƙaho ya shigo ta samansu. Ba mai buƙatar a gaya masa ko na wa ne. Ya hau, ya sauko, ya yi wasa da jitar kamar yaro da ɗan kwikwiyo, yana busa irin wadda Leɓe bai ji ya yi ba tun suna ƙanana. Da kiɗan ya tsaya aka ji dariyar tsohon, da tarinsa, da muryarsa ƙarara: "Kai, wannan abu da daɗi. Amma kada yayanka ya ji, zai ce na lalace."



Shekara talatin da biyu Leɓe yana gadin kiɗan ubansa. Ya ƙi tayin ƙungiyoyi uku saboda suna da jitar lantarki. Ya tsaya a otal ana cin abinci a kansa don kada a ce ɗan Mai Ƙaho ya gauraya. Ashe duk Alhamis tsohon na can bayan shagon gyaran rediyo yana dariya, har da sunansa a ciki.

Leɓe ya zabura, rediyon ya fara ɗauka ya maka da bango. Sannan ya sa ƙafa ya fasa fuskar amfilifayar. Ɗan Wuta ya cire jitar ya jingine ta, ya shigo da kai kamar rago, suka tafi da gangunan gaba ɗaya, faifan tagulla ya yi tsalle ya yanki Baba Mai Ganga a ƙwauri. Tsohon ya ja jiki ya manne a lungu yana cewa su bari. Gwaggo ta shigo da sanda, Leɓe ya fizge ta ya karya a gwiwa ya jefar ta taga. Ya kama ƙanensa ta wuyan riga ya buga bayansa da bango sau biyu, kwalaye na zubo musu a ka. Ƙanen ya sa masa gwiwar hannu a haƙarƙari har aka ji wani abu ya ce ƙas. Leɓe ya naɗo wayar jitar ya zarga masa a wuya ya ja. Idon Ɗan Wuta ya firfito, ya yi baya da ƙeya ya sami yayan a goshi, suka zube tare. Duk wannan, in ka lura, ba a karya doka ba tukuna.

Leɓe ne ya riga tashi. Ƙanen na kwance rub da ciki yana neman numfashi, hannayensa biyu a baje a kan siminti, kamar yadda suka sha faɗowa tun suna yara, kamar yadda yayan ya sha tsallake su. Wannan karon ya tsaya. Ya dubi na dama, ya dubi na hagu. Ba a makance ya yi ba, wannan shi ne abin da Gwaggo ta kasa mantawa, sai da ya zaɓa. Na hagu ne ke danna tsirkiya a wuyan jita, na hagun ne ya ƙago sauti shidan nan. In babu shi ba jita, ba gauraye, ba mai sake tsayawa a gabansa ya ce shi ma makaɗi ne.

"Kai, ɗan nan," in ji Gwaggo a hankali. "Yatsu ne."

Ya ɗaga dunduniyar takalmin ya sauke. Sau uku. Ƙarar kamar ana karya busassun ƙirare.

Ɗan Wuta bai yi ihu ba, wani gurnani ya yi ta hanci. Matan da ke jikin katanga suka daina ko motsi. Leɓe ya ja da baya yana haki, ya saki leɓunansa da ya tura ciki tun farkon faɗan, don a ganinsa an gama. Ya buɗe baki zai yi magana. Bai ga lokacin da ƙanen ya miƙa hannun dama ya kamo wuyan jitar ba. Katako ne mai nauyi, ba rami a cikinsa. Daga durƙushe ya lilo ta, gefenta ya sami Leɓe a tsakiyar baki.

Haƙora biyu na gaba, ɗaya a ƙasa aka tsince shi, ɗayan ba a gan shi ba har yau. Leɓen sama ya rabe biyu, daidai ta tsakiyar kantar nan da aka sa masa suna da ita. Jini ya wanke farar rigar har cikin aljihun kwat. A mota ɗaya aka kai su asibiti, Gwaggo a tsakiya, kowa na kallon tagarsa.

Ɗinki bakwai aka yi wa leɓen. Likitan haƙori ya ce zai sa masa na roba, za su yi kyau a hoto, amma kada ya matsa musu ƙarfe. Shi kuwa Ɗan Wuta, da aka cire filastar, yatsu uku na hagun sun warke a lanƙwashe, ba sa miƙewa ba sa dunƙulewa, kamar ƙugiyar rataye nama. Ya gwada jitar sau ɗaya a bayan shago, abokansa suka ce ya fi minti goma yana kallon hannun, sannan ya mayar da ita jaka.

Bayan wata biyu Gwaggo ta aika a kira su duka, har da Baba Mai Ganga da ke ɗingishi. Zaren makullin ya ci mata wuya har ya yi ƙuraje, ta ce ta gaji.

"Baba, ka ji su ranar nan kafin su zama karnuka. Wa ya bar jaz, wa bai bari ba?"

Tsohon ya juyo da kunnen hagu, aka maimaita masa. Ya ce, "Ni shekara hamsin ina kaɗa abin nan, ba a taɓa yin shekara biyar ba a ce ya mutu ba. Ubanku ma malaminsa ya taɓa marinsa don ya yi sauri, ya ce wannan ba jaz ba ne, gudun ɓarawo ne. Ranar nan dai na ji ɗaya yana maimaita maganar mamaci, ɗaya yana ba mamacin amsa da rashin kunya. Wanne ne jaz a ciki, ku tambayi mai kunne biyu."

"Ka ji aikin banza," in ji Gwaggo. "An yanke maka ƙwauri a banza." Ta tsinke zaren, ta buɗe kabad, ta jawo akwatin daga ƙarƙashin barguna ta ɗora kan teburin yanka. "Ni abin da na sani, ubanku bai bar abin nan don asu ya ci ba. Wanda ya sa shi ya yi waƙar nan tasa daga farko har ƙarshe, ya ɗauka ya bar min ɗaki. Babba ne farko."

Leɓe ya ɗauki ƙahon. Karo na uku ke nan a rayuwarsa. Ya fi nasa nauyi kaɗan, maɓallan na sauka kamar ana taɓa ruwa. Ya kafa shi a baki, bakin ƙarfen ya zauna daidai kan tabon. Ya hura. Iska ce ta fito ta gefe, fuuu, kamar tayar keke ta sace. Ya gyara, ya danna da ƙarfi, haƙoran robar suka motsa, ƙahon ya yi wani ɗan kuka irin na akuyar da aka shaƙe, ya ɗauke. Ya sake, ya sake, har tabon ya tsage jini ya gangaro masa a haɓa. Ba wanda ya yi dariya, ko Gwaggo. Ita ce ma ta zare ƙahon daga hannunsa, ta goge bakin da ƙyalle, ta miƙa wa ƙaramin.

Ɗan Wuta ya saƙala lanƙwasassun yatsun nan na hagu a jikin ƙahon, suka riƙe shi cif kamar don haka aka lanƙwasa su. Ya ɗora uku na dama a kan maɓallai. Shekara ashirin rabonsa da busa, sautin farko ya fito a dishe, na biyu ya fashe. Daga na uku waƙar ta miƙe.

Leɓe bai ji rabinta ba. Idonsa na kan yatsun nan uku na dama, lafiyayyu, suna hawa suna sauka. Shi da ya yi shekara talatin da biyu da ƙaho a hannu, shi da ko cikin barci ya san hagu riƙo kawai take yi, dama ce ke magana, ya tsaya a kan mutum ya zaɓa, ya zaɓi hannun jita. Ya raba ƙanensa da abin da ya hana shi zama mai ƙaho, ya bar masa duk abin da ƙaho ke buƙata.

Da waƙar ta zo ƙarshe Ɗan Wuta ya liƙa mata sauti shidan nan, ya sauke. Ya mayar da ƙahon akwati ya rufe da gwiwar hannu. A bakin ƙofa ya tsaya, ya nuna wata doguwar jaka da ya jingine tun shigowarsa.

"Gwaggo, wannan ba ta da amfani a wurina. Ki ba mai yatsu goma."

"Ni 'yar aikenku ce? Ga shi nan zaune, ka gaya masa."

Bai gaya masa ba, ya fita. Leɓe ma ya tashi ya fita bai dubi jakar ba. Washegari Gwaggo ta sa aka kai ta gidansa, ta ce ɗakinta ba ma'ajiyar makamai ba ne.

Otal ɗin sun ɗauki wani mai fiyano a madadin Leɓe. Jitar ta yi sati uku a bayan ƙofa matar Leɓe na zagaye ta da tsintsiya. Shagon gyaran rediyon kuwa layi biyu ne tsakaninsa da gidan, kuma duk Alhamis da la'asar sai iska ta kawo ƙahon marigayin, an jona shi da lasifika da ƙarfen takawan nan, yana kuka yana amsa kansa a kan ganguna masu fasa dutse.

A Alhamis ta huɗu matar ta shigo da wanki ta tarar da maigidan zaune a bakin gado, ya rufe taga, jitar a cinyarsa. Yana shafa wani ɗan rami a gefen katakon, rami biyu ne ma, kusa da juna, daidai faɗin haƙoran mutum. Sannan ya danna tsirkiya ɗaya ya ja. Ba wuta, sautin bai fi na sauro ba. Ya lalubo na biyu, ya ɓata, ya koma.

Ta ajiye kwandon. Ta dubi wayar da ke naɗe a cikin jaka, ta dubi soket ɗin da ke bayan gado.

"In jona maka, maigida?"

"Wa ya ce miki kaɗawa nake yi? Ƙura nake gogewa."

Ta ce to, ta fita tsakar gida, ta tsaya kusa da katanga inda maƙwabciyarta ta riga ta fito da shanya.